Yadda Ake Zaɓen Ƙaramin Teburin Gefe Mai Kyau da Ƙarko Don Gida ko Wurin Aiki

Ƙaramin teburin da ake ajiyewa a gefen kujera ko a gefen gado yana cikin kayan da ake saya daga ƙarshe, bayan an gama da manyan kujeru da labule da kafet, a lokacin da aljihu ya ja baya kuma haƙuri ya ƙare. Shi ya sa mutane da yawa ke ɗaukar wanda ya fara burge su a shago, su kai shi gida, sannan su tarar ya yi wa kujerar tsawo, ko yana girgiɗi da zarar an ɗora masa kofi, ko kuma gefensa ya kumbura bayan 'yan watanni saboda ruwan da ya taɓa shi. Alhali kuwa a cikin kayan falo babu wanda hannu ke yawan kai wa kamar wannan ɗan tebur, domin a kansa waya da tabarau da makullai da fitila suke wuni suke kwana. Hanyar da ta fi fid da mai saye ita ce ya ajiye maganar ado zuwa ƙarshe, ya fara da aikin da teburin zai yi, ya bi da awo, sannan ya kifa teburin ya duba ƙarƙashinsa, inda mai ƙira ba ya iya ɓoye ha'inci.

Mataki na farko a gida ake yin sa, tun kafin a je ko'ina. A zauna a kan kujerar da teburin zai raka, a lissafa abubuwan da za su zauna a kansa kullum da waɗanda za su zo su tafi. Teburin da zai ɗauki fitila da littafi da kofi a lokaci guda yana buƙatar faɗi, wanda za a riƙa ajiye magani da caja da takardu a cikinsa yana buƙatar aljihu, wanda kuma za a riƙa jawowa gaban baƙo a mayar yana buƙatar ya zama marar nauyi. Wannan lissafin ba ya cin minti biyar, amma shi kaɗai yana fitar da rabin teburan da ke kasuwa daga cikin zaɓi.

Mataki na biyu shi ne awo, kuma a nan ne aka fi tafka kuskure. A ɗauko tef a auna daga ƙasa zuwa saman hannun kujera. A mafi yawan kujerun kushin wannan tsayin yana faɗawa tsakanin santimita 55 zuwa 65, kuma abin da ake so shi ne saman teburin ya yi daidai da hannun kujerar, ko ya gaza shi da abin da bai wuce santimita 5 ba, wato kimanin inci 2. Dalilin a bayyane yake: idan teburin ya ɗara hannun kujera sosai, gwiwar hannu za ta riƙa bugun gefensa, kuma mai ajiye kofi sai ya ɗaga kafaɗa, idan kuma ya yi ƙasa da yawa, sai mutum ya karkata duk jikinsa kafin ya kai ga abin da yake so, kuma a irin wannan karkatawar ce ake zubar da abin sha. Idan kujerar ba ta da hannu, sai a zauna a miƙa hannu gefe yadda ya fi daɗi, wani ya auna tsayin da tafin hannun ya tsaya. Teburin gefen gado kuwa da saman katifa ake auna shi, bayan an shimfiɗa katifar a kan gadon, domin kaurin katifu ya bambanta ƙwarai, kuma wanda ke kwance ya fi jin daɗin teburin da ya yi daidai da katifa ko ya ɗara ta kaɗan.

Bayan tsayi sai faɗi. Saman da ya kai santimita 40 zuwa 55 yana ɗaukar fitila da kofi ba tare da cunkoso ba, kuma bai kamata zurfin teburin ya wuce zurfin kujerar ba, don kada ya turo kai cikin hanyar wucewa. Ita hanyar wucewar a bar mata aƙalla santimita 75 zuwa 90. A kuma lura da inda ƙofa ke kaiwa idan an buɗe ta, da inda soket yake, da ko aljihun teburin zai buɗu har ƙarshe ba tare da ya bugi wani abu ba. Akwai wata dabara da nake ganin ta fi kowane lissafi amfani: a samo kwali a yanka shi daidai girman saman teburin da ake tunanin saya, a ɗora shi a kan tarin littattafai ko wani akwati har ya kai tsayin da aka auna, a bar shi a wurin kwana ɗaya ko biyu. Idan ƙafa ta yi ta tuntuɓe da shi, to amsa ta fito tun kafin a kashe ko sisi. Wanda zai ɗora fitila ya ƙara da wannan: ƙasan hular fitilar ya zo daidai da idon mutumin da ke zaune, don kada hasken ƙwan ya riƙa dukan ido, kuma hakan yakan samu idan tsayin tebur da na fitila a haɗe ya kai kimanin santimita 145 zuwa 165.

Mataki na uku shi ne siffa da tsarin ƙafafu. Tebur mai zagaye ya fi dacewa da ƙuntataccen wuri da gidan da ke da ƙananan yara, tunda ba shi da kusurwar da za ta fasa goshi, mai kusurwa huɗu kuma ya fi cika lungu tsakanin kujeru biyu ko tsakanin kujera da bango. Akwai wanda aka ƙera da siffar harafin C, wanda ƙafarsa ke shigewa ƙarƙashin kujera samansa ya zo kan cinyar mai zama, yana da amfani ga mai aiki da kwamfuta. Sai dai kafin a saye shi a auna ratar da ke tsakanin ƙasa da cikin kujerar, domin wasu kujerun a ƙasa suke zaune daram, babu inda ƙafar za ta shiga. Wannan dabarar ta siffar C ta daɗe, domin teburin E-1027 da Eileen Gray ta zana a 1927, na bututun ƙarfe da gilashi, an yi gindinsa a buɗe ta gefe guda don ya matso jikin gado ko kujera, kuma ana iya ɗaga samansa ko a sauke shi. Akwai kuma teburan da ke shiga cikin juna, biyu ko uku, waɗanda ake zarowa idan baƙi sun yi yawa.

Game da ƙafafu, tebur mai ƙafa uku ba ya girgiɗi ko da ƙasa ba ta daidaita ba, amma yana saurin kifewa idan aka danna gefen da ke tsakanin ƙafafu biyu. Mai ƙafa huɗu ya fi wuyar kifewa amma yana nuna duk wata karkatar daɓe. Mai turke ɗaya a tsakiya, irin wanda Eero Saarinen ya zana wa kamfanin Knoll a tsakiyar shekarun 1950, yana da kyan gani kuma yana rage tarkacen ƙafafu a ɗaki, amma sharaɗinsa shi ne gindin ya zama mai faɗi da nauyi. Yawancin kwaikwayonsa masu araha a nan suke faɗuwa, domin an rage ƙarfen gindin an bar saman da faɗinsa.

Mataki na huɗu, wanda ya fi kowane buƙatar natsuwa, shi ne sanin abin da aka yi teburin da shi, domin kalmar katako a bakin mai sayarwa tana ɗauke da abubuwa da yawa. Akwai katako na asali wanda aka yanko daga itace, kuma shi ma iri biyu ne a wurin masu sana'a: mai tauri irin su madaci da tik (teak) da ok (oak), da mai laushi irin su fayin (pine), wanda farce ma yakan bar masa alama. Katako na asali yana jure shekaru, kuma idan ya karce ana iya goge shi a sake shafa masa mai ya dawo sabo. Aibinsa guda shi ne yana shan danshin iska ya kumbura, ya kuma tsuke idan iska ta bushe, kuma wannan motsin ta faɗin allon yake faruwa, ta tsawonsa kusan babu. Saboda haka a tambaya ko an busar da katakon sosai kafin a yi aiki da shi. Katakon kayan ɗaki ana so danshinsa ya sauka zuwa tsakanin kashi 6 da 12 cikin ɗari gwargwadon yanayin wurin da zai zauna, kuma wanda aka yi aiki da shi ɗanye yakan tsage ko ya lanƙwashe cikin shekarar farko. A duba ko akwai ƙananan ramuka kamar na allura da ɗan gari a ƙarƙashinsu, domin alamar ƙwaro ce, kuma ƙwaron zai iya ƙaura zuwa sauran kayan ɗakin.

Sai kuma allunan da ake haɗawa a masana'anta. Filawud siraran yadudduka ne na itace da aka manna, kowanne ya gitta na ƙarƙashinsa, shi ya sa yake da ƙarfi kuma yake riƙe ƙusa da kyau. MDF garin zaren itace ne da aka cuɗa da gam aka danne, yana da santsi kuma yana karɓar fenti fiye da kowane allo, amma idan ruwa ya shiga gefensa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. Allon ɓarɓashin katako shi ne mafi rauni a cikinsu, musamman a wurin da noti ke shiga, domin idan aka kwance aka sake ɗaurawa sau biyu ko uku ramin yakan ruguje. Akwai ma teburan da cikinsu takarda ce da aka tsara kamar saƙar zuma aka rufe da siririn allo sama da ƙasa. Teburin LACK na kamfanin IKEA, wanda ya fito a 1979, fitaccen misali ne, kuma kamfanin bai ɓoye hakan ba. Irin wannan yana da sauƙin ɗauka kuma yana biyan buƙatar ɗan lokaci, laifin kawai shi ne a sayar wa mutum da shi da sunan katako.

Gane bambancin ba shi da wuya. A ƙwanƙwasa saman da ɗan yatsa: mai rami a ciki yana amsawa kamar ganga. A duba gefen allon: a katako na asali, layukan itacen da ke sama suna gangarowa ta gefe ba tare da yankewa ba, kuma a ƙarshen allon ana ganin zoben shekarun itacen. Idan kuwa an manna siririn fallen itace ne a kan wani allo, fallen da kaurinsa yakan gaza milimita ɗaya, to zanen sama ba zai yi daidai da na ƙasa ba. Wannan ba aibi ba ne idan allon da ke ciki mai kyau ne, manyan masu ƙira ma suna yin haka. Idan kuma zanen yana maimaita kansa sak a wurare biyu, to hoton itace ne aka buga a kan fomeka ko takarda. Allunan masana'anta suna fitar da sinadarin fomaldihaid daga gam ɗinsu, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya cikin masu haddasa cutar a 2004, don haka a nemi alamar E1 ta Turai ko CARB ta Amurka, masu nuna cewa sinadarin da allon ke fitarwa kaɗan ne, a jikin kwali ko takardar kaya, kuma teburin da warinsa ke sa ido ruwa a bar shi a shagon, balle a ce gefen gado za a kai shi.

Gilashi yana sa ƙaramin ɗaki ya zama kamar ya fi girmansa, amma sai gasasshe, wato wanda aka zafafa ya haura digiri 600 sannan aka sanyaya shi da sauri. Irinsa ya ninka gilashin taga ƙarfi kimanin sau huɗu, kuma idan ya fashe yakan zama ƙananan tsakuwoyi maimakon dogayen tsinaye masu yanka. Yawanci akwai ɗan tambari a kusurwarsa, kuma kaurin milimita 8 zuwa 10 ya wadatar ga saman da babu allo a ƙarƙashinsa. Mabul kuwa yana da kwarjini, sai dai kyansa na da sharaɗi: duk abu mai tsami yana cin fuskarsa ya bar tabo marar sheƙi, kuma yana da nauyi, domin falle mai santimita 50 a kowane gefe da kaurin santimita 2 yana kai kilo 13 da rabi. Nauyin nan idan yana kan siraran ƙafafu haɗari ne ga yaron da ya kama gefen teburin zai miƙe. A teburin ƙarfe wurin walda ake dubawa, ya zama a cike kuma a goge, ba ɗigo biyu da aka rufe da fenti ba, kuma fentin hoda da ake gasawa ya fi fentin feshi jure karce da tsatsa.

Mataki na biyar shi ne kifa teburin, kuma mai sayarwar da ya amince da kayansa ba zai hana ba. A tebur na ƙwarai akwai ɗamara, wato allunan da ke zagaye ƙarƙashin saman suna haɗa ƙafafu da juna, kuma a kowace kusurwa akwai guntun katako ko ƙarfe da ke tokare ta. Haɗin da ya fi ƙarko shi ne wanda aka fafe rami a ƙafa aka shigar da harshen ɗamarar a ciki. Na biye da shi shi ne na ƙananan turakun katako da gam, ko noti mai shiga cikin zaren ƙarfe. Idan abin da ke riƙe ƙafa ƙananan ƙusoshin bindiga ne da gam da ya tsiyayo ya bushe, to kwanan teburin a ƙirge yake. A saman da aka yi da katako na asali, kafintan da ya san aikinsa yakan yi ramukan ƙusa masu ɗan tsawo ko ya sa 'yan maƙalai masu motsi, don allon ya samu damar kumbura da tsukewa ba tare da ya tsage ba. Kuma idan an shafe ƙarƙashin kamar yadda aka shafe saman, alama ce ta kulawa, domin allon da aka rufe fuska ɗaya kawai yana shan danshi ta ɗayar ya lanƙwashe.

Daga nan a mayar da shi kan ƙafafunsa a wuri mai daidaito, a ɗora tafin hannu a tura shi gaba da baya, sannan hagu da dama. Kada ya yi ƙara, kada ƙafafun su yi rawa. A danna kowane gefe da ɗan ƙarfi a ga ko ɗaya gefen zai ɗaga. Idan yana da aljihu, a zaro shi har ƙarshe a ga ko akwai abin da ke tsayar da shi, a duba kusurwoyinsa ko an saƙa su kamar yatsun hannu biyu da suka shiga juna, a kuma danna ƙasansa da yatsa, domin siririn allon da ke lotsawa ba zai daɗe da kaya a kansa ba. A ƙarshe a shafa hannu a saman da gefuna da ido a rufe, tunda yatsa yana jin kaushi da ɗigon fenti da ido ke tsallakewa.

Sai a mataki na shida maganar ado ke shigowa, kuma a ganina ba ta buƙatar dogon bayani. Ba dole ne teburin ya zama launi ɗaya da kujera ba. Ya isa ya ɗauko abu guda daga cikin ɗakin, ko launin ƙafafun kujera, ko irin ƙarfen da ke jikin fitila. Kujera mai kauri wadda ke zaune a ƙasa tana son tebur mai siraran ƙafafu ya sassauta mata, siririyar kujera kuma tana son mai ɗan jiki. Fuska mai sheƙi sosai da baƙin gilashi suna nuna ƙura da sawun yatsa fiye da komai, don haka wanda ba shi da lokacin gogewa kullum ya nemi mai dishi-dishi. Launi kuma a dube shi da hasken rana, domin fitilun shago suna yi wa kaya kwalliya.

Wanda ke saya don ofis ko otal ko wurin jiran asibiti yana da ƙarin abin dubawa, tunda teburinsa hannu ɗari ne zai taɓa shi, kuma babu wanda zai tausaya masa. A irin wannan wuri ana goge kaya kullum da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ke dusashe wasu nau'o'in man katako, saboda haka fomeka mai kauri da gasasshen gilashi da ƙarfe mai fentin hoda sun fi dacewa, kuma a tambayi mai sayarwa wane maganin gogewa fuskar ke jurewa. A karanta takardar garanti da kyau, domin da yawa daga cikinsu amfanin gida kawai suka shafa. Idan kayan na ɗauke da shaidar gwajin BIFMA, ƙungiyar masu ƙera kayan ofis ta Amurka, to an gwada ƙarfinsu da tsayuwarsu don irin wannan aikin. A bar hanya mai faɗin aƙalla santimita 90 don keken guragu ya wuce. Kuma kafin a yi odar ashirin, a sayi ɗaya a ajiye shi a wurin na mako biyu, sannan idan za a sayi sauran a ƙara ɗaya ko biyu na ajiya, domin samfurin da ake yayi bana ba lallai a same shi baɗi ba.

Idan ta intanet za a saya, lambobin awo ake bi, domin hoto yana iya mayar da ɗan tebur babba. A tabbatar ko da santimita aka rubuta ko da inci, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne, a duba nauyin teburin da nauyin da aka ce yana ɗauka, a kuma san sharaɗin mayar da kaya tun kafin a biya. Ranar da ya iso a buɗe kwalin a gaban wanda ya kawo, a duba kusurwoyi, domin su ne ke fara shan bugu a hanya. Wajen haɗawa, a sa dukkan notuna a sake tukuna, a tsayar da teburin a ƙasa mai daidaito, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya a ɗaure, ba tare da an matsa fiye da kima ba idan allon na masana'anta ne. A manna 'yan ƙyallaye masu laushi a ƙarƙashin ƙafafu don kada su karce tayil, a nisanta teburin katako daga tagar da rana ke duka kai tsaye, a kuma sake bin notunan da sifana bayan mako uku ko huɗu, lokacin da haɗin ya gama zama.